Goyon Baƙar Uwa

Da sunan Allah wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya ajiye wani a saiwa, wani a ɓawo, wani kuma a cikin ƙwaron da ƙafa ke takawa ba a waiwaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso ku ji. Ni ce Lantana 'yar Jatau wanzami, mutuniyar Rafin Gawo a ƙasar Zangaru. Na hau dutse mai yanka, na shiga birnin da maƙabartarsa ta fi shi girma, na sha ruwa a fadamar da tsuntsu ba ya kuka. Ban fita neman dukiya ko suna ba. 'Yata ce ta kwanta.

'Yar fari ce, don haka tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Sunanta Kuluwa. Ku riƙe shi, don ba zan yawaita faɗa ba.

Ta zo gida wankan jego da jaririyarta mace. Na yi mata duk abin da uwa ke yi: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gado mai wuta a ƙarƙashi. Kafin a yi arba'in sai ƙafafunta suka kumbura. In ka danna da yatsa, ramin ya zauna kamar a malmalar tuwo. Daga nan haki ya zo. Ba ta iya kwanciya, sai a jingine ta da bango, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu da tulu. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, amma hannunsa na gani. Ya sa mata ƙaho, ya dafa sassaƙe iri bakwai, duk a banza. Ran nan ya ɗora kunnensa a bayanta ya daɗe, sannan ya jawo ni zaure.

Ya ce, "Lantana, ruwa ne ya fi ƙarfin zuciyarta. Abin da na sani ya ƙare."

Na ce, "Baba, ka tuna dai. Ko abin da ka ji a bakin wani."

Can ya ce, "Ina saurayi na ga wani falke ya tashi mace mai irin wannan ciwo da wani ɗan ƙwaro ja da baƙi. Ya ce a Fadamar Shiru yake, gabas da gabas, a jikin wata itaciya da ake kira Baƙar Uwa. Ƙwarin kuma 'yan goyo ake ce musu. Abu ɗaya na riƙe: ya jefa wa kaza guda, kaza ta ƙi ci. Ya ce tsuntsu ba ya cinsa."

Da na ɗaura ɗamara, 'yata ta kama bakin zanena. Ta ce, "Inna, ki zauna. In tafiyar ce, in tafi kina kusa."

Na ce, "Ke, sakar min zane. Wa ya ce miki za ki tafi? Ki sha kununki." Na bar ta da jaririyar a hannun ƙanwata Talle, na fita ban juya ba, don na san in na juya ba zan tafi ba.

Kwana tara ina tafiya kafin na iso Dutsen Aska. Dutse ne baƙi mai sheƙi, kowane gefensa kaifi, iska in ta bi ta kansa sai ta yi fito. Takalmana suka yanke tun hantsi. Da azahar na zame, dutsen ya tsaga min ƙauri tun daga gwiwa har idon sawu. Ina zaune ina kallon jinina yana bin tsagar dutse, sai ga wasu mata sun sauko da igiyoyi a kafaɗa. Masu ɗibar zuma ne, a kogunan dutsen suke zaune. Babbarsu, wata doguwa mai suna Ayashe, ta dubi ƙafar ta ce, "Baiwar Allah, wa ya aiko ki nan da takalmin zuwa biki?"

Ta sa aka tono gidan kwarkwasa, irin manyan nan masu baki kamar awartaki. Ta haɗe bakin raunin da yatsu, ta kawo kwarkwasa ta ciza, sai ta murɗe jikin ta bar kan a maƙale. Haka ta jera kawuna talatin da biyu, ta shafe da zuma. Ga tabon nan har yau kamar ɗinkin jakar fata.

Kwana uku na yi a wurinsu. Ran da zan tafi Ayashe ta ba ni ɗan gora na wata zuma ja. Na kai yatsa zan lasa, ta buge min hannu.

Ta ce, "Kul! Ƙudan zumanmu iri ɗaya ne, amma zumarsu biyu. Wanda ya sha farin fure, zumarsa ta kunu ce. Wanda ya sha jan furen bakin rami, lasa uku ta kwantar da ƙato yini guda. Ki riƙe. Mace ita kaɗai a hanya ba ta rasa ranar buƙatarta."

Bayan kwana goma sha ɗaya na fara jin daka. Tun ban ga ganuwa ba ƙasa ke motsi a ƙarƙashin ƙafata. Wannan shi ne Birnin Turmi Dubu. Kafin ka isa ƙofarsa sai ka yi tafiyar rabin yini a cikin kaburbura, sababbi sun fi tsofaffi yawa. A bakin ƙofa masu kumburi ne jere a jingine da bango, maza da mata, kowa da ƙoƙo a hannu. Na tambayi wata me suke jira. Ta ce, "Maganin 'yan goyo mana. Ai nan ne gidansa."

Na yi hamdala har na durƙusa. Na ce ashe Allah ya gajarta min tafiya.

Aka kai ni gaban Sarkin Maganin birnin, wani mai tumbi ana ce masa Bagudu. Ya zaga da ni rumfunan kiwo da alfahari. Ƙwari ne a cikin manyan kwanduna, dubu bisa dubu, kowane ya yi ƙiba kamar babban yatsa, launinsu ruwan ƙasa-ƙasa. Bayi na zuba musu ganyen kabewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce a jikin Baƙar Uwa suke."

Ya yi dariya. "Wannan zamanin kakanni ne. Su suka sha wahalar ɗauko su daga fadama. Itaciyar nan ganyenta ƙona hannu yake, hanyarta kuma nisa. Kakana ya gwada musu kabewa, suka ci, suka ninka girma, suka ninka haihuwa. Dubi jikinsu! Na daji ai 'yan ƙanana ne kamar ƙwayar gyaɗa."

Muna tsaye sai wani ƙwaro ya faɗo daga kwando. Wata kaza ta sheƙo ta cafe shi, ta haɗiye, ta tsaya tana ɗaga kai ko wani zai faɗo. Da na yi shiru da na tsira, amma na tuna matar bakin ƙofa da ƙoƙonta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kaza ta ci."

Ya ce, "To, sai me?"

"Na gaskiya tsuntsu ba ya cinsa. Waɗannan babu komai a cikinsu sai kabewa. Shi ya sa kaburburanku..."

Ban ƙarasa ba ya daka min tsawa. "Ji tsohuwar banza! Jiya-jiya kin shigo da ƙafa ɗinke da tururuwa, za ki koya wa gidan Bagudu magani? Wanda ya sha ya mutu, kwanansa ne ya ƙare!"

A birnin nan doka ce, duk wanda ya kushe maganin, a ɗaure ƙafarsa a jikin turmi ya yi ta dakan ƙwari har ya mutu. Sai a lokacin na gane masu dakan nan dubu su wane ne. Duk mutane ne da suka taɓa ganin abin da na gani. Aka kulle ni a wani rumbu kafin maƙeri ya gama sarƙata, aka sa dogarai biyu a bakin ƙofa. Rana ta take, yunwa ta kama su. Na jiyo ɗayan yana cewa furarsa ta yi tsami. Na miƙa musu goran Ayashe ta ƙarƙashin ƙofa.

Na ce, "'Ya'yana, ga zuma ku zuba. Ni inda za ni ba ta da amfani a gare ni."

Ɗayan ya ce, "Kai, Iya, Allah ya sa ki daɗe a kan turminki." Suka yi dariya, suka juye ta duka.

Kafin inuwa ta matsa taki ɗaya na ji minshari. Na zare sakatar da tsinken kitsona, na tsallake su, na bi ta cikin masu daka. Duk sun gan ni. Babu wanda ya ɗaga murya, sai ma suka ƙara ƙarfin taɓarya don kada a ji sawuna. Wata tsohuwa a cikinsu ta nuna min gabas da haɓarta.

Kwana takwas daga nan kukan tsuntsaye ya fara raguwa, har ya ɗauke ɗif. Na shiga Fadamar Shiru da hantsi. A tsakiyarta itatuwa ne baƙaƙe kamar an babbake su, ganyensu faɗin faifai. A jikin kowace, ga 'yan ƙwari ja da baƙi sun manne kamar goyo a bayan uwa. Da na matso sai na ji abin da ya sa tsikar jikina ta tashi. Kuka suke yi, siriri, irin na jaririn da bai kwana bakwai ba.

Wata murya ta ce, "In kika taɓa ganyen nan da hannu, da ƙafa za ki riƙa cin tuwo."

Na juya. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, hannuwanta duk tabon ƙuna. Sunanta Duduwa, ita ce ta rage cikin masu kula da fadamar. Na gaishe ta na faɗa mata abin da ya kawo ni. Na ce, "Iya, tunda ƙarfin a ganyen yake, ba sai in ɗebi ganyen in tafi ba? Ya fi sauƙin ɗauka."

Ta kama hannuna ta kai ni bayan bukkarta. Kaburbura ne guda tara. Ta ce, "Ga masu irin wayonki nan. Ganyen nan dafi goma ne a cikinsa, tara na kisa, ɗaya na farfaɗo da zuciya. Wa zai raba su? Ni ban iya ba, uwata ba ta iya ba. Ɗan ƙwaron nan shi Allah ya ba. Shi ne rariya. Ya ci, ya zubar da taran, ya ajiye ɗayan a jikinsa don kada tsuntsu ya cinye shi. Shi don kansa yake yi, mu muna roro ne."

Kwana biyu ta yi tana koya min. Ƙwaro ɗaya a rana, a murje shi da ransa a cikin ruwa rabin ƙoƙo, kwana bakwai a jere. Biyu a rana ɗaya kisa ne. In ya mutu, maganin na tashi daga jikinsa kafin kwana uku, don haka dole a kai shi da rai. Ta zuba min goma sha huɗu a ƙwarya mai huji, ta tsinko ganye da awartaki ta cika min jakar fata.

Ta ce, "Saura magana ɗaya. Kunne gare ki, ko na ado ne?"

"Ina ji, Iya."

"In ganye ya ƙare, ki bar su da yunwa. Suna kai kwana goma sha biyu ba su mutu ba, kuma mai yunwa yana riƙe da ɗacinsa. Amma in suka ci wani ganye, sabon ya tura tsohon waje. Za su yi kuka. Ki toshe kunne."

Na ce, "Haba Iya, ni da na ga Birnin Turmi Dubu da idona?"

Ta dube ni. Ta ce, "Goyo nawa kika yi?"

"Shida. Ɗaya ta rayu."

Ta ce, "Hm."

Na kauce wa birnin na bi ta kudu, inda Kogin Toka yake. Babu jirgi, sai na rungumi babban gora na shiga, ƙwarya da jaka a ɗaure a kaina. A tsakiya igiyar ruwa ta kifar da ni. Na fito da rai, amma murfin ƙwaryar ya goce, jakar kuma ta sha ruwa. Na ƙirga 'yan goyo na samu sha ɗaya, na ce kogi ya ci uku. Ganyen kuwa rabinsa ya ruɓe. Na yi ta tsimi, ina ba su rabin abin da suka saba, duk da haka ya ƙare saura kwana goma in isa gida. Na ɗaure bakin jakar na rataya.

Ranar farko suka yi ɗan ƙorafi. Rana ta biyu suka fara kukan sosai. Jama'a, a kaina ƙwaryar take. Na tsaga bakin zanena na toshe kunne, kukan ya bi ta ƙashin kaina ya shiga. Muryoyi sha ɗaya, kowace irin ta 'ya'yana biyar da na binne. Rana ta uku ƙirjina ya riƙa tsatsa kamar mai shayarwa, ni da na manta da wannan shekara ashirin.

Rana ta huɗu na sauka a wata tsohuwar gona don in yi sallar la'asar. Akwai zogale a bakin wani kango. Na kabbara, kuka bai bar ni na san raka'a nawa na yi ba. Da na sallame sai na zauna ina tunani. Mu dai mun taso ana gaya mana, duk wanda ya tsare mai rai ya hana shi ci, ya hana shi fita ya nema, zai amsa tambaya ranar gobe. Ko kaza ce ka ɗaure, sai ka zuba mata tsaba. Na ce a raina, na Bagudu ai tun kakanninsu kabewa suke ci. Waɗannan kuwa da ɗaci aka haife su, da ɗaci suka girma. Ɗan zogale na kwana shida zai wanke wannan? Kuma in suka mutu a hanya fa?

Na tsinko zogale na zuba. Kukan ya ɗauke nan take. Wallahi har hamdala na yi.

Na shiga Rafin Gawo da walaha. Na tarar da ita da rai. Kumburin ya hau har ciki, leɓɓanta sun yi baƙi, amma ta gane ni. Ta ce, "Inna, kin rame." Talle ta rushe da kuka. Na sauke ƙwarya, na ce a kawo ruwa da ƙoƙo.

Baba ya ce daga bakin ƙofa, "Dakata. A kamo kaza."

Na ce, "Baba, daga jikin itaciyar na ɗauko su da kaina."

"Na ji. A kamo kaza."

Talle ta kamo wata wake-wake. Na buɗe ƙwaryar, sai na ga sun yi ɓul-ɓul, jan jikinsu ya koma ruwan goro. Na ajiye ɗaya a ƙasa. Kazar ta karkata kai ta dube shi, ta cafe, ta haɗiye. Sannan ta matso tana leƙen ƙwaryar.

Baba ya ce, "Me ya faru? Na ji kun yi shiru."

Na fizgo jakar fatar nan na buga ta da ƙasa don baƙin ciki. Bakinta ya kwance, sai ga abu uku sun gangaro, ƙanana, a bushe kamar ƙwayar barkono, ja wur da baƙi. Ashe ukun da na ce kogi ya ci, cikin jakar ganye suka faɗa. Kwana goma suna ciki ba ci, kukansu ma ya ƙare, ƙafafunsu kaɗai ke ɗan motsi. Kazar ta kai wa ɗaya sara, ta yi tsalle da baya, ta riƙa goge baki a ƙasa.

Uku. Bakwai ake so.

Na murje na farko na ba ta. Kafin la'asar ruwa ya fara fita, Talle ta zubar da kasko huɗu. Rana ta biyu idon sawunta ya fito. Rana ta uku ta kwanta a bayanta, karo na farko cikin wata uku, ta yi barci har da minshari. Da ta farka ta ce a ba ta 'yarta. Ta ɗora ta a ƙirji tana wasa da yatsunta, ta ce, "Inna, dubi hancinta, irin na Baba ne sak. Wa zai aure ta da wannan?" Baba ya ce, "Ja'ira, ni ai da shi na auri kakarki." Muka yi dariya, har da ni.

Rana ta huɗu na murje mata na zogale, ko Allah zai sa a dace. Na biyar ma haka. Ta sha, sai a rana ta shida ta ce, "Inna, wannan ba ɗaci." Ruwan ya dawo yadda ya tafi. Rana ta tara, bayan azahar, tana jingine a ƙirjina, na ji numfashin yana nisa da juna. Na sa bakina a kunnenta na yi mata kalmar shahada, ta amsa. Sannan na ce, "Kuluwa."

Ta buɗe ido ta dube ni kamar mai mamaki. Ta ce, "Na'am, Inna." Shi ke nan.

Bayan an share makoki ina kakkaɓe jakar nan sai ƙwallo ɗaya ya faɗo, baƙi, mai kamar na kanya. Na binne shi a bayan ɗakina na kewaye da ƙaya saboda awaki. Shekara shida ke nan. Baƙar Uwa ce ta tsiro, ta wuce katanga, ganyenta ya kai faifai. Tsuntsu ba ya sauka a kanta. Masu kumburi sukan zo daga nesa don sun ji labari, in fito in ce musu ganyen kisa ne, su roƙe ni, in hana, su tafi suna zagina. Kowace damina nakan duba jikinta tun daga gindi har inda idona ya kai. Babu ko ɗaya.

Jikata takan zauna kusa da ni in ina dubawa. Ran nan ta ce, "Inna, me kike nema a jikin itaciyar nan kullum?"

Na ce, "'Ya'yanta."

Ta ce, "Ina suka tafi?"

Na ce mata ta tashi ta ɗauko min buta, lokacin salla ya yi.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba, har da wanda da na so na rage. Wanda ya saurara har nan, in ya ɗaga hannu ya sa da Kuluwa.